Kwamishinan Tsuntsaye da Gaurakin Tungar Maccido

Tun daga Achida har bakin madatsar ruwan Goronyo, ba a taɓa haifar masanin namun daji kamar Malam Halliru na Tungar Maccido ba. Wanda ke shakka ya je ya tambaye shi da kansa, zai sha bayani. Mutum ne da ya yi wata goma sha ɗaya cur yana aiki a wani ofishin kula da daji a Sakkwato. 'Yan baƙin ciki suna cewa shara yake yi da kai takardu daga tebur zuwa tebur. To, ina laifi? Takardun ai na daji ne, kuma ta hannunsa suke bi. Ya dawo mana da hular kaki mai faɗin baki, da madubin hangen nesa mai mataccen ido ɗaya, da kalmar "muhalli", wadda kafin shi ba mai furta ta a garin sai rediyo. Daga nan muka laƙaba masa Kwamishinan Tsuntsaye. Mu da zolaya muka faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi Halliru zalla ba ya waiwayowa.

Tungar Maccido ɗan ƙaramin gari ne a gefen fadamar Rima. Injin niƙa biyu gare mu, ɗaya yana hutu tun shekarar da aka kawo shi. Albasa muke nomawa da shinkafa, wasu kuma kamun kifi suke yi. Amma fa kada a raina mu, muna da wuraren namun daji har biyu. Akwai Dajin Giwa, inda babbar dabbar da ta rage ita ce bushiya. Akwai kuma Tafkin Ɓauna, wanda kakanninmu suka cinye ɓaunarsa ta ƙarshe tun kafin a yi hanyar mota. Mu mutane ne masu girmama namun daji ƙwarai, duk wanda muka cinye sai mun sa wa wani wuri sunansa.

Tafkin dai da sauransa. Doguwar ciyawar ruwa ta cika rabinsa, ta fi mutum tsawo, sauran rabin kuma bado ne da kainuwa. A ciki akwai dinya da zalɓe da agwagin ruwa, sai kuma gauraki biyu, mace da namiji, masu dogayen ƙafafu da tukkun nan mai ruwan zinari. Mu ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Abin da muka sani game da su shi ne suna cin shinkafa kuma suna da baƙin kuka. Kwamishina kaɗai ke zuwa duba su. Kullum da hantsi zai tsaya a bakin ruwa, ya kafa madubinsa a ido, ya ƙirga su, ya samu biyu, ya koma teburin mai shayi ya ba da rahoto.

Wata rana cikin damina ya ɗauki kansa hoto da waya. Fuskarsa ta cinye kashi uku cikin huɗu na hoton, amma can bayan kunnensa na hagu, cikin ciyawa, ga gaurakin nan tsaye. Ya ɗora a Fesbuk, ya rubuta a ƙasa: "Ina bakin aiki." Bayan kwana huɗu wayarsa ta yi ƙara. Wata mace ce, ta ce sunanta Dakta Juwairiyya, malama ce a wata jami'a, binciken tsuntsaye take yi. Ta ce wata ƙungiya ta ɗora mata neman wuri guda a yankin nan da gauraki ke zaune a kuma ba shi kariya. Inda aka zaɓa za a kafa allo, a ɗauki mutum ɗaya mai kula da shi, da albashi duk wata, da kaki, da babur. Ta ce tana nan zuwa bayan sati uku.

Kwamishina bai jira sati uku ba. A ranar ya kai wa tela yadi, aka ɗinka masa kaki mai aljihu shida. Lokacin zuba irin albasa ne, kowa yana gyaran fangalinsa, shi kuwa ya kira ƙanensa ya ce ya ɗauki gonar bana, babban ma'aikaci ba ya tsugunno cikin taɓo. Matarsa Kulu ta tuna masa cewa albasar nan ita ce tuwonsu na shekara, ita ce suturarsu ta salla, kuma in lokacin iri ya wuce ya wuce. Ya dube ta da tausayi, ya ce ba laifinta ba ne, ba ta taɓa shiga ofis ba. Kulu ta ci gaba da tankaɗen garinta.

To, a nan ya kamata a san wani abu game da mu. Duk abin da za a ce da mutanen Tungar Maccido, ba a ce ba mu iya karɓar baƙo ba. In baƙo zai zo, a share hanya, a ɗaure awaki, a yi wa bango yaɓe, a ari kujeru har daga Wurno. Mukan kwana da yunwa don baƙo ya bar saura a kwano. Wannan ne abin alfaharinmu, kuma a kansa Kwamishina ya tsaya ranar da Maigari ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Ya miƙe cikin sabon kaki, ya gyara hula, ya yi gyaran murya sau uku.

"Jama'a, ni na zauna Sakkwato, na san manyan baƙi. Matar ga dakta ta, ba ta saba da ƙazanta ba. In taz zo ta iske tabkinmu cike da haki da sauro, mi za ta ce? Cewa za ta yi mutanen ga ba su san darajar muhalli ba. Tsuntsun da duniya ka nema, mu bar shi shina kwana cikin juji? Wallahi ba da ni ba. A yi gayya, a share tabkin ga tas, har ta ga fuskarta cikin ruwa."

Kai, maganar ta shige mu. Kunya ta kama kowa, don mun daɗe muna wucewa ta gefen ciyawar nan ba mu taɓa lura abin kunya ba ce. Sarkin Ruwa Almustapha, wanda ya yi shekara sittin yana su a tafkin, ya ɗan yi tari, ya tambaya ko in an kwashe ciyawar a ina tsuntsayen za su kwana. Kwamishina ya ce a fili za su kwana, su sha iska, kamar yadda ya gan su a kalandar ofis. Ya ƙara da cewa ranar taro kujerar Sarkin Ruwa tana sahun gaba, dab da ta Dakta. Sarkin Ruwa ya yi nazari, ya ga lalle maganar da ma'ana. Shi ya zo da laujen da ya fi na kowa kaifi.

Kwana uku muka yi. Ba a taɓa gayya irinta a garin ba, ko ta gyaran maƙabarta ba ta tara rabin mutanenta ba. Makaɗa suna bakin gaɓa, mata suna kawo fura a manyan ƙwarya, maza suna cikin ruwa har ƙirji suna yanka suna jawowa. Kwamishina bai shiga ruwa ba saboda kaki. Yana kan tudu yana nuni da sanda. Ran farko gaurakin suka koma can nesa suka tsaya suna kallonmu. Ran na biyu suka yi ta kewaya sama suna kuka, tun safe har la'asar. Ran na uku ba a gan su ba. Kwamishina ya bayyana mana cewa tsuntsaye ne masu hankali, sun kauce ne don su ba ma'aikata wuri.

A rana ta biyun ne Mainasara maharbi, yana cikin yanka, ya ci karo da wani tulin ciyawa a tsakiyar ruwa, da ƙwai uku manya a kai. Kwamishina ya ce Allah ya kawo abin nuna wa baƙuwa. Ya kwaso su cikin hularsa ya kai gida. Da ya ga duk sun yi dauɗa da taɓo, ya sa Kulu ta wanke su da sabulu, aka goge da tsumma mai tsabta, aka jera su kan auduga cikin tangaran na aurenta, aka rufe da leshi. Kulu ta ce ita dai a saninta ƙwan da aka raba da uwarsa sai dai suya. Ya ce ta ɗora su saman kabad, kada kowa ya taɓa.

Saura abinci. Aka yi shawara aka ga mutumin birni kullum kaza yake ci, ba a burge shi da kaza. A ba ta abin da ba za ta samu a Sakkwato ba, wato dinya. Aka tura Mainasara da abokansa. A rubuta wa Kwamishina wannan cikin alherinsa: ya ja musu kunne sosai, ya ce ko da wasa kada wanda ya auna gauraka. Suka yi biyayya. Kwana biyu dai bindiga tana tashi a bakin tafkin, suka kawo dinya tara. Da aka gama, aka tara ciyawar da ta bushe aka cinna mata wuta, aka shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa. Da yamma muka tsaya muna kallon aikinmu. Tafkin ya yi fes, ya yi tsit, ko ɗan tsako babu a kansa. Wallahi har ƙirjinmu ya buɗe don daɗi.

Dakta ta bugo waya ana gobe za ta zo. Ta ce da asuba za ta iso, ita da direbanta kawai. Ta roƙa kada a tara mutane, kada a yi hayaniya, kada a wahalar da kowa. Kwamishina ya yi murmushi ya ce ya ji. Mu ma da ya faɗa mana muka yi murmushi. Ai mun san wannan, kara ce irin ta baƙon kirki. Duk baƙon da ya san ya kamata sai ya ce kada a wahala, kuma duk mai masaukin da ya san ya kamata sai ya yi kamar bai ji ba. Aka ƙara makaɗa biyu daga Rabah.

Motarta ta iso gari bai gama wayewa ba, ta kashe fitila tun daga nesa, tana tafiya a hankali. Tana shan kwanar makaranta ganguna suka tashi, Mainasara ya saki bindiga sama, mata suka rangaɗa guɗa. Ta fito, 'yar siririya cikin hijabi mai ruwan ƙasa da takalmin roba, ta tsaya riƙe da ƙofar mota. Aka ja ta zuwa rumfa. Kwamishina ya karanta jawabin maraba na minti arba'in, ya taɓo tarihin garin, da tarihin muhalli, da tarihinsa shi kansa, wanda ya fi sauran tsawo. Ita kuwa sai leƙen hanyar tafki take yi.

Da aka ƙare muka raka ta, gari guda. Ta tsaya a bakin ruwa. Ta ciro waya ta dubi hoton, ta dubi tafkin, ta sake duban hoton.

"Baba Halliru, ina ciyawar da ke bayanka a hoton nan?"

"Mun kwashe ta, ranki shi daɗe. Kwana ukku munka yi. Ko tsinke ba mu bari ba."

"Gaurakin fa?"

"Suna nan tahe, sun ɗan zaga na. Amma ga abin da yaf fi su."

Ya tafa hannu. Kulu ta matso da tangaran, kanta a ƙasa. Ya yaye leshin da kansa. Ga ƙwai uku suna ƙyalli, suna ƙamshin sabulu.

Da ma ta yi mana faɗa, da ya fi sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sa bayan hannunta ta taɓa ƙwai ɗaya, ta ji sanyi ƙalau, sai ta zauna a ƙasa, nan kan tokar ciyawar, da hijabinta da komai. Ta yi magana a hankali, har sai da na baya suka matso. Ta ce tsuntsun nan ya kusa ƙarewa a ƙasar nan baki ɗaya. Ta ce shekara tara tana yawon fadamu tana neman inda suke yin sheƙa, ba ta taɓa gani da idonta ba. Ta ce ciyawar da muka ƙone ita ce ɗakinsu, ita ce katangarsu, kuma abin da ke cikin ƙwan nan ya mutu tun daren da aka ɗauke shi. Makaɗa suka sauke ganguna. Mun ji kunya, irin wadda ba ta barin mutum ya dubi na kusa da shi. Kwamishina yana tsaye da leshi a hannu.

Duk da haka abinci ba ya fasawa a Tungar Maccido. Aka kawo shinkafa da miya. Ta tambayi naman mene ne, Kulu ta faɗa mata gaskiya. Dakta ta mayar da murfi, ta ce a ba ta ruwa. Direbanta, Allah ya saka masa, ya ci faranti biyu ya fitar da mu kunya.

Sai a lokacin Sarkin Ruwa ya tuna cewa shi tun farko bai yarda da aikin nan ba. Ya kuma tuna cewa shekaranjiya masunta sun ga gauraki biyu sun sauka a tafkin Tungar Habibu, can ƙetaren gulbi. Mutanen Tungar Habibu! Mutanen da tun da aka kafa garinsu ba su taɓa yin gayya ba. Tafkinsu ya cushe har an ce jaki ya taɓa ɓata a ciki. In baƙo ya je musu, tabarma ma sai ya tambaya. Can Dakta ta tafi, can ta iske gaurakinmu tsaye cikin ƙazantar mutane, hankalinsu kwance. Ta samu wani mutum yana barci a gindin giginya, ta tashe shi ta tambaye shi me suke yi har tsuntsaye ke son wurin. Ya ce su ba su yin komai. Bayan wata guda aka kafa allo a can, aka ba mutumin babur.

Amma kafin ta bar garinmu ta dubi Halliru, ta ga yadda ya yi, ta ji tausayinsa. Ta san ba mugunta ba ce.

"Baba, ciyawa tana dawowa in an ƙyale ta. Ku bar tafkin nan damina biyu, kada a yanka, kada a harba, kada a yi hayaniya. In sun dawo sun yi kwana bakwai ba su tashi ba, ka kira ni. Zan yi maka magana a ɗauki mutum na biyu."

Shekarar ta yi wa gidan Kwamishina tsawo. Lokacin iri ya wuce, gona tana hannun ƙane. Aka wayi gari masanin muhalli yana ban ruwa a gonarsa ta gado, ana ba shi ladan yini, cikin kaki mai aljihu shida, don ba shi da wata rigar aiki. Da aka kwashe albasa, motoci suka yi ta lodi zuwa kudu, shi yana cikin masu ɗora buhu. Kulu ta ci gaba da tankaɗen garinta, kuma wannan ya fi masa ciwo. Mu kuwa kowa ya gano cewa da ma shi ya hango abin, kara ce ta hana shi magana. Har yau ba a samu mutum ɗaya da ya amsa cewa ya riƙe lauje ranar gayyar ba.

A faɗi gaskiya, mutumin ya yi ƙoƙari. Ya hana Mainasara zuwa tafkin, har suka daina gaisawa. Ya kori awaki, ya kori masu wanki, ya roƙi masunta su koma gulbi. Kullum in ya tashi daga gonar ƙanensa sai ya je ya zauna a bakin ruwa shi kaɗai, ba jawabi, ba rahoto, yana kallon ciyawa tana tsirowa. Wanda ya san Halliru ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Bado ya dawo, ciyawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta rufe mutum.

Ranar wata Talata da hantsi, yana zaune, ya ji kukan nan daga gabas. Ya ɗaga kai. Ga su nan su biyu, suka kewaya sau ɗaya, suka sauko a hankali, suka tsaya cikin ciyawa suna gyara fiffike. Hawaye ya zubo wa Halliru. Ya ga albashi, ya ga babur, ya ga ranar da zai shiga gida ya dubi Kulu ido da ido. Kwana bakwai kawai, ba a son komai sai shiru.

Sai wani tunani ya faɗo masa. Shi ya san ana son shiru, amma jama'a fa? Jama'a ba su da ilimin muhalli. Wani zai iya zuwa da jaki, wata ta zo kiran ɗanta, aikin shekara biyu ya lalace. Wajibi ne a wayar musu da kai, kuma wa zai iya in ba shi ba? Ya janye da rarrafe har ya fita ciyawa, sannan ya zuba da gudu. Ranar kasuwa ce, mai tallan maganin basir ya zo da lasifikarsa da batir. Kwamishina ya karɓe ta, ya bi gari lungu-lungu yana shela cewa gauraki sun dawo, kowa ya hallara bakin tafki a ji yadda za a yi shiru.

Muka hallara kuwa. Wa zai ƙi? Mun ji kunya sau ɗaya, ba ma so a ce wannan karon ba da mu aka yi gyara ba. Maza, mata, masu goyo, har da masu ɗauke da kujeru. Kwamishina ya hau tudu, ya fuskance mu, ya ba tafkin baya, ya ƙure murya.

"Jama'a, ku natsu! Daga yau ba tari, ba atishawa, ba kiran suna a wurin ga. Na tsara sharuɗɗan shiru guda goma sha biyu. Duk wanda yay yi magana kahin in ƙare, ni da shi na. Sharaɗi na ɗaya..."

Yana kan sharaɗi na biyu gaurakin suka miƙe wuya. Yana kan na uku suka ɗan taka da gudu, suka buɗe fukafukai, suka tashi. Muna kallonsu ta saman hularsa, suka ƙetare gulbi, suka yi ƙanana, suka ɓace wajen giginyun Tungar Habibu. Shi bai gani ba, yana ta bayani, jijiyar wuyansa ta tashi, fuskarsa cike da farin ciki. Ya bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya har na goma sha biyu.

Mu kuwa ba wanda ya faɗa masa. Ai ya ce kada kowa ya yi magana.